Tarazon da Ya Cinye Ƙofar Injiniya

Akwai mutanen da in sun daɗe a kusa da aiki sai su ɗauka aikin ya kama su, kamar mura. Irinsu ne mutumin da 'yan layinsu ke kira Injiniya. Ba injiniya ba ne, bai taɓa zama ba, ko ƙofar makarantar bai sani ba. Direba ne. Shekara ashirin da biyu ya yi yana tuƙa injiniyoyin wani kamfanin gine-gine daga wannan fili zuwa wancan, su suna baya suna gardama, shi yana gaba yana kwasa da kunne. Ranar da ya ajiye aiki ya dawo gida da hular kwano mai ruwan ɗorawa, da akwatin kayan aiki, da baki.

Bakin ne ya fi yawa. Shi ne ya gyara fankar falo ta koma tura iska sama, silin yana shan sanyi mutane suna gumi. Shi ne ya taɓa famfon banɗaki, aka yi wata guda in ka murɗa shi sai ruwa ya fito a kicin. Duk da haka 'yan layi ba su fasa ce masa Injiniya ba, don dariya kyauta ce, shi kuma yana amsawa da ƙirji a buɗe.

Mutum ɗaya ne bai taɓa kiransa da sunan ba: yayan matarsa. Magini ne na gaske, shekara talatin yana aiki, tafin hannunsa kamar bayan tukunya, maganarsa ba ta wuce kalma biyar. In ya zo gidan sai ya dubi fankar, ya dubi mai gidan, ya ce, "Direba, ya gida?" Shi ke nan. Wannan "Direba" ita ce ƙayar da ta maƙale wa Injiniya a wuya. Abin da yake so a duniya bai wuce ranar da mutumin nan zai tsaya a kan aikinsa, ya buɗe bakin nan nasa mai nauyi, ya yaba ba.

Wata safiya matarsa tana haɗa jaka za ta je wajen 'yarsu da ta haihu, sai ta yi tuntuɓe da fasasshen tayil na ƙofar kicin karo na ba adadi.

"Na gaji," ta ce, tana murza ɗan yatsa. "Na yi wa Yaya magana. In na dawo zai zo ya zuba mana tarazo, daga kicin har falo, irin mai tsakuwa fari da ja ɗin nan da ake gogewa ya yi sheƙi."

"Yaya? A gidan nan? Ina raye?"

"To sai ka mutu za a gyara kicin?"

"Maman 'Yan-biyu, tarazon da aka zuba a gabana ya fi ƙarfin wanda Yaya ya taka da ƙafarsa. Asibiti guda aka zuba ina tsaye."

"Kana tsaye ko kana cikin mota kana barci?" Ta zuge jakar. "Baban 'Yan-biyu, don girman Allah kada ka taɓa min kicin. Kwana goma sha biyu ne kawai. Ka ci abincinka, ka kalli labarai, ka yi gardamarka da Tela. Ga nama da kifi nan na cika firji."

"Ko tsintsiya ba zan ɗaga ba," in ji shi.

Ƙurar motar da ta ɗauke ta ba ta gama kwanciya ba ya ɗauko hular kwano.

Kafin azahar an sauke masa siminti da tsakuwar marmara a ƙofar gida. Tela, maƙwabcinsa da suka haɗa katanga kuma suka haɗa bututun ruwan wanke-wanke, ya tsayar da keken ɗinkinsa ya fito da tef ɗin awo rataye a wuya.

"Injiniya, gada za a gina?"

"Tarazo. Ka zo ka ga yadda masu ilimi ke aiki, ko jikokinka ka ba su labari."

Tela ya leƙa falon. "Ba za ka fara ɓamɓare tsohon tayil ɗin ba?"

"Ka ji irin taku. Tayil ɗin shi ne tushe. Wa ya taɓa tone tushe?"

"To ai ƙasan zai ƙara tudu."

"Tela, ni na taɓa zuwa na ce maka ga inda za ka sa aljihu?"

Mai sayar da tsakuwar ya haɗo masa da wasu siraran gilasai, ya ce a jera su a ƙasa su raba daɓen gida-gida, don kada ya tsage in ya bushe. Injiniya ya jingine su bayan tankin ruwa. Matsorata ne ke raba daɓe gida-gida, in ji shi. Nasa shimfiɗa ɗaya zai zama, daga murhu har ƙofar falo. Yashi kuwa ɗan kaɗan ya barbaɗa, kamar mai sa gishiri. Yashi na masu ƙaramin ƙarfi ne. Shi siminti zalla zai zuba, don in Yaya ya taka ya ji a ƙafarsa cewa ba wasa aka yi ba.

Kujeru ya ja su tsakar gida. Talabijin ya bar ta a bango. Da ya zo kan firji ya tura, ya tura, firji ko gezau. Da ya leƙa ya ce Tela ya kama masa da an gama, amma injiniya ba ya neman tela ya kama masa. Ya tsaya ya riƙe ƙugu, ya ce wa firjin, "Zauna abinka. A manyan gidaje ma a gine ake sa ku." Wayar wutar da ta bi ta ƙasa zuwa firjin ma ya ce ta kwanta a nan, siminti ya rufe ta, aikin zamani ba a ganin waya.

Ya fara daga kicin da ƙarfinsa, kwaɓi yana da yawa, ya zuba kauri har faɗin tafin hannu. Ya shigo falo bayansa ya fara magana, kwaɓi ya fara ƙarewa, ya riƙa jan abin yana sirancewa. Da ya kai ƙofar falo saura ɗan yatsa biyu. Ya fita da baya-baya, ya jawo ƙofar, wadda ciki take buɗewa. Ta yi ɗan nauyi, ta share ɗanyen siminti da gindinta, ya fizgo ta da ƙarfi ta rufu. Simintin da ta ture ya dawo a hankali ya kwanta a bayanta.

"An gama," ya ce wa Tela, yana karkaɗe hannu. "Abin da Yaya zai yi a mako."

Washegari da hantsi ya sa mabuɗi, mabuɗi ya juya lafiya, ƙofa ta ce ba ta san zancen ba. Ya tura da hannu. Ya tura da kafaɗa. Ya ja baya taku biyar ya zo da gudu, ƙofar ta mayar da shi taku shida. Mai kanti na tsallake ya fito, mai wanki ya ajiye dutsen guga, Tela ya jawo benci ya zauna don ya ji daɗin kallo.

"Injiniya, ko ta yi fushi ne?"

"Da gangan na yi."

"Da gangan kake dukanta da kafaɗa?"

"Gwaji nake. In ni mai gida ban shiga ba, wane ɓarawo ne zai shiga? Ku da kuke kwana da sakata ɗaya ku ne abin tausayi."

"To baƙi fa?"

"Baƙon kirki ta baya yake shiga."

Allah Ya taimake shi ƙofar kicin ta baya waje take buɗewa. Ya zagaya ta lungun da ake ajiye kwandon shara, ya buɗe, ya manta ƙasa ta ƙara tudu, ya yi tuntuɓe ya shiga kicin ɗinsa da tafin hannu. Ya tashi ya waiga. Ba wanda ya gani sai kyanwar Tela. Ya je zai ɗauko ruwan sanyi, ƙofar firji ta motsa kamar faɗin farce ta tsaya. Simintin ya hau gindinta ya riƙe. Ya sha na famfo, ya ce ruwan sanyi ma ba shi da kyau ga mai aikin ƙarfi.

Da aka kwana biyu ya je wajen mai ba da hayar injin guga, wanda ake goge tarazo da shi har tsakuwar ta fito fili. Injin ƙato ne mai hannu biyu, da duwatsu a gindinsa. Mai injin ya dube shi, ya dubi hular kwano.

"Yallaɓai, kwana nawa da zubawa?"

"Shekaranjiya."

"A'a, bai nuna ba. Ka bar shi ya ƙara kwana uku ko huɗu, in ba haka ba tsakuwar za ta riƙa tsalle."

"Na irinku ne ke jiran kwana huɗu. Nawa haɗin kamfani ne."

"To, ka riƙa zuba ruwa kana gogewa. Kuma taɓon da zai fito, ka kwashe shi a bokiti ka kai waje. Ko kusa kada ka..."

"Malam, injin na zo ɗauka ko karatu?"

Mai injin ya taya shi ɗorawa a mota.

Injiniya ya kwarara ruwa a kicin, ya riƙe hannayen injin kamar sitiyari, ya danna. Abin da bai sani ba, wannan motar ba ta da birki kuma ba ta san direba ba. Ta yi kururuwa, ta fizge shi ta kai bango, ta dawo da shi ta kai ɗaya bangon, ta yi waje da shi zuwa falo yana bin ta a guje yana cewa, "Tsaya! Ke, tsaya!" Tsakuwar da ba ta gama kamawa ba ta fara tashi. Tas! gilashin taga. Tas! agogon bango. Tas, tas, tas! talabijin ta yi zanen gizo-gizo daga kusurwa zuwa kusurwa. Wata ta fita ta tagar da ta fashe ta sami tukunyar shayin mai kanti a tsallaken titi.

"Injiniya!" Tela ya ƙwala daga bayan katanga. "Yaƙi aka fara? Mu kwashe iyali?"

"Aiki ake! Haka yake yi in ya sami siminti mai kyau!"

A tsakiyar falo, inda daɓen ya sirance, injin ya ci karo da wayar firjin da aka binne. Wuta ta yi fat, tartsatsi ya tashi, komai ya tsaya cak. Injiniya ya daɗe a tsaye yana lalubar jikinsa ko akwai abin da ya ragu. Sannan ya je akwatin wuta ya kashe layin da ya yi ƙauri, ya jona injin a wani wuri, ya ci gaba. Da yamma da ya kashe injin ya lura gidan ya yi tsit, ko gurnanin firji babu. Abin ya burge shi. "Ka ga tarazo," ya ce. "Har ƙara yake shanyewa."

Saura taɓo. Guga ta bar masa wani ruwa mai kauri, toka-toka, har idon sawu. Ya dubi bokiti, ya dubi nisan waje, ya dubi ramin magudana da ya bari a buɗe a ƙasan kicin, wanda aka yi shi musamman don ruwa ya wuce. Mai injin ba shi da lissafi, in ji shi; ga hanya Allah Ya kawo, wai a ɗauki bokiti. Ya sa katako ya tura taɓon nan kaf cikin ramin. Ramin ya haɗiye, ya yi gyatsa, ya yi shiru.

Taɓon siminti, ko an niƙa shi, siminti ne. Wannan ko tela ya sani.

A kwana na biyar daɓen ya bushe ya nuna halinsa. Tsaga ta taso daga gindin murhu, ta ratsa kicin, ta shiga falo ta haihu. Duk inda tsakuwa ta tashi ta bar rami, ƙasan ya zama kamar fuskar da ƙuraje suka ci. Sheƙi kuwa babu ko na magani. A kwana na bakwai wani wari ya fara zagaya gidan, mai nauyi, irin wanda ke zama a maƙogwaro. Injiniya ya zargi kyanwar Tela. A kwana na takwas Tela da kansa ya zagayo ta lungun shara, wandonsa a naɗe.

"Injiniya, ruwan wanke-wankenmu ya daina tafiya. In mai ɗakina ta zuba sai ya tsaya yana kallonta."

"Ku rage cin maiƙo."

"Shekara goma sha ɗaya muna cin maiƙon, bai toshe ba sai da ka zama magini. Me ka zuba a bututun nan?"

"Ka gan ni da idonka?"

"Na sa sanda ta dawo da siminti a baki. Ko ni nake ɗinka siminti?" Tela ya shaƙi iska ya toshe hanci. "Kai, wannan kuma fa? Wani ka binne a ciki?"

"Ƙamshin sabon aiki ne. Hancin da ya saba da tsumma ba zai gane ba."

Amma da Tela ya tafi, Injiniya ya tsaya ya dubi ƙasan nan. Saura kwana huɗu, kuma Yaya ne zai ɗauko ta daga tasha. Tsagar za a iya cewa ado ce. Ramukan za a iya cewa don kada a zame. Amma tarazon da ba ya sheƙi, ko makaho ya taka ya san an faɗi. Yana cikin wannan tunani yana soya ƙwai sai mai ya ɗiga a ƙasa. Ya sa ƙafa ya murje. Wurin ya yi baƙi-baƙi, ya ɗauki ido, tsakuwa fari da ja suka fito raɗau kamar an wanke musu fuska.

Ya dubi ɗigon. Ya dubi jarkar man girkin matarsa, cike, a kusurwa.

Ranar dawowarta tun da safe ya durƙusa da tsumma, ya shafe kicin da falo da jarka guda, lungu-lungu. Da rana ta shigo ta fasasshiyar taga, wallahi ƙasan nan sai da ya kashe ido. Injiniya ya yi wanka, ya sa kaya masu guga, ya ɗora hular kwano a kai, ya bi layi gida-gida yana gayyata. Yana so a yi abin a gaban shaidu. In Yaya ya yaba, kada gobe a ce ba a ji ba.

Da la'asar mutum goma sha wani abu suka biyo shi a jere ta lungun shara. Ya sa kowa ya cire takalmi. Shi ya riga ya koyi tafiyar, yana jan ƙafa a hankali yana dafa bango, sai suka ɗauka ladabin wurin ke nan, suka bi shi haka har falo, kowa yana numfashi ta baki saboda warin.

"Ku dubi nan," yana nunawa da sanda. "Wannan layin da kuke gani ba tsaga ba ce, jijiya ce. Marmara mai tsada duk da jijiyarta take zuwa."

"Mai tsadar ce ke warin nan?" in ji mai wanki.

Ana haka aka ji bugu a ƙofar falo. Muryar matarsa ce.

"Baban 'Yan-biyu! Buɗe mana, mabuɗina ya ƙi."

"Sannu da zuwa! Ku zagayo ta baya!"

"Ta baya? Ni da gidana? Me ya sami ƙofata? Me kujeruna suke yi a rana?"

"Zagayo dai ki ga abin mamaki!"

Ta zagayo, jaka a hannu, Yaya yana bayanta da ledar lemo. Ta tsaya a bakin kicin. Ta dubi ƙasa, ta dubi taga, ta hango talabijin, ta hango rabin layinsu a tsaye a falonta ba takalmi suna dafe da bango. Sannan warin ya iso gare ta. Idonta ya tafi kai tsaye kan firji.

"Yaushe rabonka da buɗe firjin nan?"

"Ai yanzu a gine yake, irin na manyan..."

"Namana! Kifina!" Ta hango jarkar a kife. "Ina man girkina?"

Mutum goma sha wani abu suka dubi tafin ƙafarsu a tare.

Yaya bai shigo ba. Ya tsaya a bakin ƙofa, hannu a baya. Injiniya ya jawo ƙafa ya matso, bakinsa har kunne.

"Yaya, sannu da hanya. Ga ɗan abin da muka taɓa. Shimfiɗa ɗaya, ba gilashi, ba rabawa. A duba mana."

Yaya ya duba. Ya daɗe yana dubawa. Sai ya sa hannu a leda ya ciro lemo ɗaya, ya sunkuya ya ajiye shi a ƙasa, bai tura ba. Lemon ya yi ɗan jim kamar mai tunani, sannan ya kama hanya. Ya wuce murhu, ya wuce firji, ya shiga falo yana ƙara gudu, ya bi ta tsakanin ƙafafun mai kanti, ya je ya bugi ƙofar da ta mutu ya tsaya. Kowa ya raka shi da ido har can.

"Da gangan ne," in ji Injiniya. "Don in an yi wanki ruwa ya san inda zai nufa."

Kamar jira ake ya faɗa. A daidai lokacin matar Tela, can gidanta, ta gaji da jiran bututu, ta tattara ruwan wankin yini guda, baho biyu, ta juye a magudanarta gaba ɗaya. Ruwan ya je ya tarar da siminti ya tare hanyar waje, ya nemi wata hanya, ya samu. Ramin kicin ɗin Injiniya ya yi wani gurnani, ya tofo kumfa, sannan ya buɗe baki. Ruwan sabulu ya ɓulɓulo, ya hau kan mai, ya bi sawun lemo.

Mai wanki ne ya fara tafiya. Ƙafafunsa suka yi gaba suka bar shi, ya kamo rigar mai kanti, mai kanti ya kamo awon da ke wuyan Tela, Tela ya kamo abin da ya fi kusa, wato Injiniya. Suka zube suka tafi a jere, a zaune, ba mai tuƙi, har ƙofar falo. Sauran da suka ga haka suka yunƙura za su gudu, gudun ne ya kayar da su. Cikin ƙiftawar ido duk wanda aka gayyata yana jibge a gindin ƙofa, kumfa har ƙirji, hular kwano tana yawo a kan ruwa ita kaɗai.

"A buɗe ƙofa!" wani ya yi ihu daga ƙasan tarin.

"Ɓarawo ma bai buɗe ta ba, kai ne za ka buɗe?" in ji Tela, yana tofar da kumfa. "Injiniya, sauke gwiwarka daga cikina!"

"Kowa ya natsu! Gwajin ruwa ne, a kamfani ma ana..."

"In ka ƙara cewa kamfani sai na ɗinke bakin nan!"

Suka gwada rarrafe zuwa kicin. Hawa ne, ga mai, ga sabulu. Duk wanda ya yi taku uku sai ya dawo wa 'yan'uwansa da baya. Matan layi da yaransu sun cika tagar da ta fashe, wata tana dariya har tana riƙe ƙarfen taga don kada ta faɗi. Matar gidan kuwa tana bakin ƙofar baya, ta ajiye jaka ta zauna a kai, ta rafka tagumi. Ba ta yi ihu ba, kuma wannan ya fi ba Injiniya tsoro.

Yaya ya je tsakar gida ya kwance igiyar shanya, ya ɗaura dutse a bakinta, ya wurga cikin falo. Ɗaya bayan ɗaya ya riƙa jawo su kamar buhuna, kowa ya iso ya tashi ya nemi takalminsa bai yi sallama ba. Injiniya ne na ƙarshe. Ya iso kwance a kan cikinsa, ya tsaya daidai ƙafar surukinsa, ya ɗaga kai.

"Gobe," in ji Yaya. "Ƙarfe bakwai. Ka sa tsofaffin kaya."

Firjin ba a buɗe shi a gidan ba. Da aka sare simintin gindinsa, Yaya ya sa aka ɗaure shi da igiya a rufe, ƙarti huɗu suka kai shi bayan gari. Wanda ya buɗe shi a can ya ce ba zai sake cin kifi ba.

Fasa daɓen kuwa ya zama abin da ya zama. Yaya ya zo da ma'aikata biyu da manyan gudumomi, ya ce zuwa azahar an gama. Azahar ta yi ba su fita daga kicin ba. Simintin nan da ba a haɗa shi da yashin kirki ba, ya kwana goma sha uku, ya zama dutse. Guduma in ta sauka sai ta yi tsalle ta dawo. Injiniya, cikin tsohuwar riga, shi ke kwashe ɓaraguzai a kwano yana kaiwa waje, matarsa tana zaune a inuwa tana nuna masa inda ya zubar. Kwana biyu bai ce uffan ba. 'Yan layi har sun fara damuwa.

Rana ta uku, a gaban murhu inda ya fi kauri, Yaya ya ɗaga guduma ya sauke da dukan ƙarfinsa. Ƙotar ta karye biyu, kan ya yi gefe. Ita ce ta biyu da ta karye. Yaya ya tsaya yana haki, gumi yana ɗiga daga haɓarsa, ya dubi guntun icen da ke hannunsa, ya dubi ƙasan da ko tsagewa bai yi ba.

"Shekara talatin," ya ce, "ban taɓa fasa daɓe mai taurin wannan ba."

Injiniya ya tsaya da kwano a ka. A hankali ya sauke shi.

"Yaya, me ka ce?"

"Na ce wannan bala'in..."

"A'a, a'a, ya isa, kada ka ƙara komai." Ya juya wajen ma'aikatan. "Kun ji ko? Maman 'Yan-biyu, kin ji da kunnenki?"

"Baban 'Yan-biyu, ɗauki kwanon nan."

Ina! Ya riga ya tsallake ɓaraguzai, ya bi ta lungun shara, ya faɗa titi, fari fat da ƙurar siminti tun daga gira har ƙafa.

"Tela! Tela, fito! Shekara talatin, in ji shi! Guduma biyu! Da bakinsa ya faɗa, a gaban shaidu!"

Tela, wanda ke tsugune a bakin ramin da aka tona ana neman bututunsa, ya ɗago kai ya dube shi.

"Madalla," ya ce. "To zo ka faɗa wa bututun."